Haƙori Ɗaya Ya Sa Ina Gudun 'Yata

Goggo mai shawara,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, don ƙarshen watan nan asirina zai tonu. Na san sai kin yi dariya. Ki yi abinki, in kin gama ki share hawaye ki faɗa min yadda zan yi da raina.

Ni tela ce, shekarata talatin da ɗaya a kan keke. Ina da ɗan shago a bakin titi, mai kitso a damana, mai gyaran waya a haguna. Shekaruna hamsin da takwas, 'ya'yana huɗu, duk sun kama gabansu. Autata likitar haƙori ce, tana aure a wani gari, tafiyar awa huɗu daga nan. Ki riƙe maganar likitar haƙorin nan da kyau, don a nan masifar take.

Goggo, ni na mayar da yarinyar nan likitar haƙori tun kafin makaranta ta san da zamanta. Lokacin suna yara, a gidana ba mai kwanciya sai an jeru a bakin famfo, kowa da burushinsa, ni ina tsaye a kansu kamar soja. In sun gama, kowa ya wangale baki in leƙa. Alewa kuwa haramun ce a gidan. Baƙo ya ba su, kafin ya kai bakin ƙofa na ƙwace. In sun yi kuka sai in yage baki in nuna musu nawa haƙoran, in ce su duba da kyau, tun da uwata ta haife ni ban san ciwon haƙori ba, saboda ba na shan zaƙi.

To, alewar da nake ƙwacewa, ina kike tsammani take zuwa? Durowar keken ɗinkina, can ƙarƙashin ƙyallaye. Da sun tafi makaranta sai in jefa ɗaya a kunci in hau taka keke. Tun ina shan tasu har na koma saye da kaina, leda guda, in ce wa mai kanti na jikoki ne, alhali a lokacin ko aure ba wanda ya yi a cikin 'ya'yana. Sama da shekara ashirin ina wannan ta'asa, ba wanda ya sani sai Allah sai tururuwan shagona.

Ga kuma halinmu na teloli. Almakashi uku gare ni, amma in na zo ƙarshen ɗinki haƙori ne ya fi kusa, sai in kai zaren baki in cizge. In ina gwada wa mace riga, fil-fil ɗin da nake cake yadi da su a baki nake jera su, ina magana ta gefe. Haƙorina na gaba, na sama ta hagu, shi ya ɗauki wannan bautar shekara da shekaru, har ya yi 'yar tsaga inda zare ke bi. Bara sai na ga ɗan baƙi-baƙi a gefensa. Na ce shayi ne. Na dirje da burushi, na sa gawayi, har da allura na kankare, Allah ya yafe min. Wata huɗu da suka wuce ina cizge zaren wani labule mai kauri sai na ji ƙaras! Na tofo ɓallin haƙori a tafin hannuna. Na je gaban madubin da kwastomomi ke juyi, na buɗe baki, sai ga rami baƙi ƙirin yana kallona.

Na san abin da za ki ce. Mai 'ya likitar haƙori ai sai ta ɗauki waya. Amma Goggo, yarinyar nan da ni take wa'azi! Duk wanda ya zauna gabanta sai ta ba shi labarin uwarta mai shekara kusan sittin da ba ta da rami ko ɗaya a baki. Har makarantun yara take zuwa tana faɗa. Ranar da ta gama karatu, a gaban jama'a ta rungume ni ta ce ni ce malamarta ta farko. Sau ba adadi ta ce in zo ta duba ni, ni kuma in ce mai lafiya me zai kai shi asibiti. Yanzu da wane ido zan kwanta gabanta ta haska min fitila ta ga aikin alewar da na ƙwace daga hannunta?

Sai na shiga mota biyu, na tafi can ƙarshen gari, wani ɗan asibitin haƙori a saman bene inda ba wanda ya san ni. Likitan dattijo ne mai tabarau, mai magana a hankali. Ya ce abin da sauƙi. Zai kwashe ruɓaɓɓen wurin, ya cike da wani abu mai laushi mai kalar haƙori, yana sawa kaɗan-kaɗan yana haska masa shuɗiyar fitila yana daskarewa, sannan ya gyara masa siffa ya goge, ko ni sai na manta inda ya taɓa. Sai ya ɗauko wani ɗan faranti mai jeren haƙoran roba, daga fari fat har zuwa masu ɗorawa-ɗorawa. Ya ja ni bakin taga, ya yi ta kara su a bakina ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani na tsakiya ya ce wannan ne kalata.

Goggo, raina ya ɓaci. Abin da ya zaɓa min kalar tsohuwar rigar filo ne. Na ce masa da shi da tabaraunsa ba su kai ni sanin kala ba, shekara talatin ina haɗa zare da yadi, mata daga unguwanni suke zuwa saboda idona. Na ɗora yatsa a kan na farko, mai farin nan fat, na ce shi nake so. Bawan Allah ya ce ba zai shiga da sauran ba, haƙorin mutum ba takarda ba ne. Na ce na ji. Ya ce in fari nake so, a fara haskaka sauran tukuna, a jira 'yan kwanaki, sannan a zaɓi wanda ya dace da su. Na ce ba ni da wannan lokacin, ɗinki na jirana. Sau uku yana maimaitawa. Da ya ga ba zan sauko ba sai ya kawo takarda ya ce in sa hannu cewa ni na zaɓa. Na sa, har da lanƙwasa.

Da ya gama ya miƙo min madubi, leɓena a kumbure da allurar kashe zafi, na kalli haƙorin shi kaɗai, na ga yana walƙiya, na ce masa ka gani ko. Ya dai ce kada in ƙara cizon zare.

Washegari mai kitso ta leƙo aron dutsen guga. Na yi mata murmushi da gangan don ta gani. Sai ta tsaya ta ƙura min ido, ta ce ƙwayar shinkafa ta maƙale min a haƙori, ta miƙo hannu za ta cire min. Na buge hannun na ruga gaban madubi. Inna lillahi! A hasken rana rabin haƙorin fari kamar alli, ɗaya rabin da maƙwabtansa duk kalar shayi. Ni da nake korar mace in ta kawo min zaren da bai shiga da yadi ba, ni ce na yi wa bakina facin da ko makaho ya shafa sai ya gane.

Baban yara sai da ya yi sati uku bai lura ba, abin da ya nuna min ba ya kallona in ina magana, wannan kuma wata wasiƙar ce daban. Ranar da ya gani ya yi dariya har ya sarƙe. Yanzu in an ɗauke wuta sai ya ce in ɗan yi murmushi ya nemi takalminsa. Na dai sa shi ya rantse ba zai faɗa wa yara ba.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na dinga dafa baƙin shayi mai kauri ina guntsa ina riƙewa a baki don cikon ya rine, sai sauran haƙoran suka riga shi, abin ya ƙara fitowa. Na koma sa takunkumi na ce mura nake, wata huɗu ke nan, har kwastomomi sun fara tsayawa daga bakin ƙofa suna miƙo ɗinki. Sannan, kada ki zage ni, na manta na sake cizge zare, gefen cikon ya ɗan ɓalle, harshena ya wuni yana kai masa ziyara. Ga wani na can ciki ya fara yi min zir in na sha ruwan sanyi. Komawa wajen dattijon nan kuwa, bayan rashin kunyar da na zuba masa, ƙafata ta ƙi.

Duk wannan wasa ne, Goggo. Ga abin da ya sa na rubuto.

Wata biyu da suka wuce Auta ta buɗe nata wurin, bayan shekarun da ta yi tana aiki a ƙarƙashin wasu. Tun tana ɗaliba take cewa ranar da ta samu kujerar kanta, ni ce zan fara zama a kai. Ta sayi kujerar sabuwa, ta bar ta a cikin ledarta, ta ce ni zan yage da hannuna. Na ce ɗinki ya yi min yawa. Ta ɗaga ranar. Na ce mura. Ta sake ɗagawa. Na ce gwiwa. Ƙarshe babanta ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo bai yi min tsiyar da ya saba ba. Ya ce yarinyar ta wuni tana kallon ƙofa, kuma kwana biyu ta bar ledar a jikin kujerar ko zan zo, sai a rana ta uku da wani ya shigo da kumburarren kunci ta yage da kanta.

In ta kira ni ta bidiyo sai in katse in ce kyamarar wayata ta lalace, ni da mai gyaran waya bango ɗaya ya raba mu, kuma ta sani. Satin da ya wuce ta turo min saƙon murya. Tana tambaya ko mijinta ne ba na so tun farko na yi shiru, ko don ba ta samu zuwa ba lokacin da na yi zazzaɓi, ko wata magana ta faɗa da ta ɓata min rai. Ta ce ko mene ne in yafe mata, ita dai ba ta san laifinta ba amma ta karɓa. Na rufe shago da rana tsaka na zauna a kan tulin yadi na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ina son yarinyar nan fiye da raina, kuma ni ce nake gasa ta. Ta ce ƙarshen wata tana nan tafe ko ina so ko ba na so, kuma daga bakin ƙofa za ta hango abin nan, ita da aikinta ke nan.

Na yi tunanin in je a cire haƙorin gaba ɗaya in ce faɗuwa na yi a banɗaki. Na yi tunanin in gudu gidan yayata in ce jinya na tafi. Ko akwai wani rini da ake yi wa ciko? Ina da na yadi kala-kala a shago. Ki faɗa min wanne ya fi.

Taki,
Tela mai takunkumi

*

Tela, sannu da fama.

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, har abokan aikina suka zo suna tambaya ko lafiya. Amma da na kai kan saƙon muryar nan dariyar ta ɗauke. Za mu zo kansa. Bari mu fara da bakin, don shi ne mai sauƙin.

Cikin dabarunki uku ba na zaɓa ko ɗaya. Kada ki kuskura a cire miki haƙori mai rai don ki ɓoye kala. Giɓi a gaban baki ya fi farin faci ɗaukar ido, kuma 'yarki ta san bambancin haƙorin da faɗuwa ta karya da wanda aka zare da ƙarfe, kin ga ƙarya ta zama biyu. Gidan yayarki kuma mota na zuwa. Rinin yadi kuwa, ki bar shi a kan yadi, kada mu karanta labarinki a wani shafin ba wannan ba. Shayin da kike guntsa ma ki daina, kin ga inda ya kai ki.

Na tambayi wata likitar haƙori, ban faɗi ko wace ce ke ba, tunda ni ma ban sani ba. Ta ce irin wannan cikon ba auren dole ba ne. Ana iya kankare shi a sake wani da kalar da ta dace, yawanci a zama ɗaya, kuma gefen da ya ɓalle ba abin tashin hankali ba ne in an gyara da wuri. Ta ce dattijon nan daidai ya yi da ya kai ki bakin taga, don a hasken rana ake zaɓen kala, tun haƙori bai bushe ba. Kuma gaskiya ya faɗa miki, maganin haskaka haƙori ba ya canza kalar ciko, shi ya sa ake fara haskakawa kafin a cike. Saboda haka in an zo zaɓe karo na biyu, ki zauna a kan hannuwanki ki yi shiru. Idonki na yadi ne, ba wanda ya yi musu, amma nan ba shagonki ba ne.

Abin da ya fi damun likitar shi ne na cikin nan mai yi miki zir. Ta ce ƙaramin rami yau ciko ne kawai, in aka bar shi ya kai ga jijiya aikin ya zama babba, zafin ma haka. Wannan kada ya wuce satin nan ba a duba shi ba. Ki ɗaura ƙaramin almakashi a igiya ki rataya a wuya, ya zama ya fi haƙori kusa. Fil-fil ki yi musu ɗan matashi ki ɗaura a wuyan hannu, ke tela ce, aikin minti biyar ne. Alewa kuma ba zan ce ki rantse kin bari ba, na ga yadda rantsuwa ke ƙarewa a gidanki. Wunin da take yi a kunci shi ne ɓarnar. In ta zama dole, ki sha ɗaya bayan abinci, ki kuskure baki, a wuce wurin.

Kunyar dattijon likita kuwa ki ajiye ta. Wanda ya kawo miki takarda ki sa hannu ya san za ki dawo, ba ke ce ta farko ba. Ki gaishe shi, ki ce ya fi ki gaskiya, ki hau kujera.

Yanzu ga Auta. Zan ba ki gaskiyarki tukuna. Zuwa wajen wani likita ba laifi ba ne. Ba kowace uwa ce za ta iya kwanciya 'yarta ta leƙa mata baki ba, kuma likitoci da yawa su kansu ba sa son yi wa iyayensu aiki. Tsoronki ma ba na wauta ba ne, mutuncin shekara talatin kike karewa. Kuma duk da satar alewar, kin fitar da yara huɗu masu lafiyayyun haƙora, ɗaya har ta zama likita. Abin da kika koya musu daidai ne, malamar ce dai take shiga ta bayan gida.

Ga inda kika yi laifi. Kunyar taki ce, amma kin sauke ta a kan yarinyar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Wata huɗu tana bincikar kanta, tana tuhumar mijinta, tana neman gafarar abin da ba ta yi ba. Kin fi son ta ɗauka kin daina sonta da ta san kina shan alewa. Ki karanta wannan layin sau biyu, don haka abin yake in an cire masa kwalliya. Shi ma baban yara da kika ɗaure da rantsuwa, ya tsaya yana kallon 'yarsa tana kallon ƙofa ya kasa cewa komai, ki kwance shi, ki kuma ba shi haƙuri.

Kada ki jira ta zo ta hango da kanta, don in ita ta gano, kama ki ta yi, in ke kika faɗa, amana kika ba ta. Ki kira ta ta bidiyo, ki cire takunkumin, ki fara da cewa ba ta yi miki komai ba, don wannan take jiran ji. Sannan ki jero sauran yadda kika jero min, har da durowar keke. Ban da kwana-kwana, ban da tuna mata wata tara da kika yi da cikinta, ban da riga ta fashewa da kuka don ta koma lallashinki.

Za ta ji zafi, musamman maganar kujerar, don wannan ranar ba za ta dawo ba. Ki bar ta ta yi fushinta, kada ki ce ai ke uwa ce. In ta huce za ta yi dariya, za ta kira yayyenta, kuma su huɗun za su yi miki tsiya har ƙarshen rayuwarki. Haƙƙinsu ne, ki daure. In ta ce ita za ta sake cikon, ke kika san zuciyarki, amma ni da ni ce, mota zan hau in je in kwanta in buɗe mata baki ba tare da na ba da shawarar kala ba.

Tela, yarinyar nan yau ma da tambayar ta tashi, gobe ma da ita za ta tashi, kuma duk duniya ke kaɗai ke da amsar. Ki ajiye jaridar nan ki kira ta yanzu, kafin ki ƙirƙiro wata cutar. Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar Auta, ya bar ku tare.

Goggo